Jajayen Haƙoran Ya Fanne

Unguwar Yerimaram,
Potiskum.
14 ga Maris, 1998.

Zuwa ga Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Sadiya da duk mutanen gidanku na Kano. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo da ƙarfinsa. Ƙafar Baba ta ɗan motsa, amma yana fita kasuwar hatsi kamar kullum.

Saƙonka ya iso ta hannun Kyari direba. Ka ce ƙungiyarku ta wasan kwaikwayo tana so ta yi fim ɗin Hausa a kan mai shan jinin nan na Turawa. Ka ce kun kalli kaset uku, labari ɗaya ne amma kowa da yadda ya murɗa shi, don haka in nemo muku asalin. Na samo. Tsohon littafi ne, yana can ƙasan kanta a laburaren makarantarmu, bangonsa ya cire, gara ta ci gefe. Turancinsa ya ba ni wuya ƙwarai, da ƙamus a hannu na karanta shi. Na taƙaita shi da Hausa, ga shi nan cikin ambulan, saura ƙarshen da ban gama ba saboda jarrabawa.

Ni ban ga ko ɗaya daga finafinan ba, ka san Baba da bidiyo. Amma yadda ka ba ni labari, jini ne kawai yake malala daga farko har ƙarshe. A littafin ba haka ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, halittar nan ba ta iya shiga gida sai wani ɗan gidan ya ce mata ta shigo. Sai ta zo a siffar baƙo mai ladabi, ta tsaya a ƙofa tana jira. Yaya, ka yi tunani: a garinmu wa zai yi sallama a ƙi amsa masa? Umma ko maciji ne ya yi sallama sai ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa. Don Allah wannan wurin kada ku yar da shi. Kuma kada ka sa sunana a ko'ina.

Ka tambayi lafiyar Ya Fanne, maƙwabciyarmu mai turaren wuta, wadda ka ce kana gudu lokacin da ka zauna a nan kana ƙarami. Tana nan. An yi mata aikin ido, likita ya hana ta shiga rana, sai magariba ta kawo jiki take fita kai turare da humra gidajen amare, da baƙin tabarau a fuska. Haƙoran nan nata suna nan jajaye jawur da goro da furen taba. Ta ce ranar da aka ga ta daina goga fure, a je a haƙa mata kabari. In ka hango ta tana tahowa a hankali cikin hayaƙin kaskonta, sai ka ce a fim. 

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Ramlat.

*

Kano.
2 ga Afrilu, 1998.

Farfesa Ramlat,

Amin wa alaikis salam. Duk muna lafiya, Gwaggonki tana gaishe ku, ta ce Kawu ya rage yawo da ƙafar nan.

Kai, yarinyar nan, ashe haka kike! Na karanta wa 'yan ƙungiya takardunki a shagon da nake aikin ɗaukar biki. Shehu, wanda zai ba da umarni, cewa ya yi, "Wannan ƙanwar taka a aji nawa take?" Na ce aji biyar, ya ce ƙarya nake.

Sai dai akwai gyara. Bakano ba zai ji tsoron Bature mai kwat ba, dariya zai yi. Kuma mu ina muka ga akwatin gawa da zai kwana a ciki? A makara za mu kwantar da shi? Muka yi ta juya abin, sai Shehu ya ce mu ai mayu muka sani. Mayya za a yi. Muna cikin tunanin kamanninta sai na tuna layinki na ƙarshe: "sai ka ce a fim." Na ce shi ke nan, Farfesa ta gama mana aiki, kunya ce ta hana ta faɗa kai tsaye!

Ga yadda abin zai kasance. Fanne Mai Turare, tsohuwa daga Yerimaram ta Potiskum, jajayen haƙora, baƙin tabarau, ba ta fita sai rana ta faɗi. Tana shiga ɗakin amarya da kasko, bayan kwana biyu amarya ta fara ramewa. Mun bar sunan da na unguwar, don Shehu ya ce Kanawa sun fi tsoron abin da ya fito daga gabas. Maganar sallama kuwa ya ce za ta ja fim, 'yan kallo su yi barci. Hayaƙi za ta zama ta shigo ta taga.

Ki gama mana ƙarshen da wuri, yadda ake kashe ta.

Yayanki,
Salisu.

*

Yerimaram,
9 ga Afrilu, 1998.

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Sallah lafiya. Mu ma mun yi lafiya, sai dai ni tun da na karanta wasiƙarka ko naman ban iya ci ba.

Yaya, ba abin da nake nufi ke nan ba. Na ce "sai ka ce a fim" ne don tana ba ni sha'awa, ba don ku mai da ita mayya ba. Ka tambayi lafiyarta, na ba ka amsa. Iyakar abin ke nan.

Ka tsaya ka saurare ni ko da na fi ka ƙanƙanta. Mai shan jinin littafin nan, in mai karatu ya rufe littafi, ya tafi. Ba wanda zai fita ya nuna maƙwabcinsa ya ce ga shi nan. Maita ba haka take ba a wurinmu, kai ma ka sani. Mutane sun yarda da ita. Akwai wata mata a Gadaka da aka ce ta kama kurwar yaro, aka fito da ita gaban jama'a aka sa ta tsallaka shi. Matar ta rasu tuntuni, amma Umma ta ce har yau ba mai sayen ƙosan 'yarta. Wannan ba da fim ba ke nan, da bakin mutum ɗaya kawai.

Ya Fanne ba ta da ɗa, ba ta da miji, 'yan'uwanta suna can Barno. Abin da take da shi a duniya shi ne iyayen amare sun yarda ta shiga ɗakin 'ya'yansu. Ka ɗauki sunanta da unguwarta da sana'arta da ciwon idonta, ka ce in ta shiga ɗaki amarya ramewa take yi. Kaset ɗinku ba a Kano zai tsaya ba. Kowane kaset da ya fito ranar kasuwa yana nan Potiskum. Wace uwa ce za ta sake buɗe mata ƙofa?

Haƙoran kuma ado ne. Duk tsofaffin matan Barebari haka suke yi, kai ne dai yarinta ta sa ka ji tsoro.

Don girman Allah ka canza sunan, ka canza garin, ka cire turaren. Ka koma kan littafin. Baƙo mai sallama ya fi hayaƙi ban tsoro, in da Shehun naku zai karanta a hankali. Ka ba ni amsa a motar Kyari ta gaba.

Ƙanwarka,
Ramlat.

*

Kano.
20 ga Mayu, 1998.

Farfesa,

Sallama da gaisuwa. Lafiya kuwa kika yi shiru haka? Kullum sai na leƙa tasha, ba Kyari ba dalilinsa. Wahalar man nan ta hana kowa motsi. Gwaggonki ta ce ko jarrabawa ce ta riƙe ki. Ni dai na san ki da kunya, in abu ya yi miki daɗi shiru kike yi, don haka muka ci gaba.

Albishirinki! Mun ɗauki fiye da rabi. Wadda ta fito a Fanne ta ci goro har sai da kanta ya yi ciwo, muka ƙara mata jan baki a haƙora. In ta cire tabarau ta yi murmushi, ni da nake riƙe da kamara sai da na ja da baya. Shehu ya samo mana hanya, an liƙa tallanmu a ƙarshen wani sabon kaset da ya fita makon jiya. Murya tana cewa, "Ku kulle ɗakunan amare, Fanne Mai Turare tana tafe!" Yara a layinmu har sun hardace.

Ƙarshen kawai muke jira. Na ba wani mai motar shanu wannan, shi da man dizal yake aiki. Ki ba shi amsa.

Yayanki,
Salisu.

*

Yerimaram,
29 ga Mayu, 1998.

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita, alhamdu lillahi. Ban da ita ba ni da wani labari mai daɗi.

Ban yi shiru ba. Na rubuto maka tun bayan Sallah. Da na karanta taka, sai na roƙi Umma ta raka ni gidan Kyari. Ashe motarsa ta yi makonni a layin mai, da ya samu kuma ta lalace a Azare, aka jawo ta gida. Wasiƙata tana nan cikin aljihun motar tare da goronsa da ya bushe. Cewa ya yi, "Ai takardar 'yan makaranta ce, na ɗauka ba ta sauri ba ce." Na karɓo, ga ta nan na haɗo da wannan. Ka fara karanta ta. Kuma ka daina fassara mini shiruna. Ban taɓa cewa in na yi shiru na yarda ba, kai ne ka yanke haka don ya fi maka sauƙi.

Tallanku ya riga wasiƙarka zuwa. An nuna shi a gidan kallo na bakin kasuwa. Ranar Laraba Ya Fanne ta fito da magariba, yara suka bi ta har bakin titi suna cewa a kulle ɗakunan amare. Ba ta gane ba, ta ɗauka wasa ne, har tana ɗaga musu hannu. Shekaranjiya uwar Rahama ta unguwar Bolewa, wadda za a yi wa 'yarta biki bayan an yi shuka, ta dawo mata da turare da humrar da ta haɗa musu. Ba ta ko shiga ba, a bakin zaure ta ajiye, ta ce surukansu ne suka ce a bari. Itacen turaren nan Ya Fanne tun kafin azumi take jiƙa shi.

Umma ta ce kada kowa ya gaya mata dalili. Ni na kasa. Ka san ni, ko amsa a aji da ƙyar nake bayarwa, amma jiya da hantsi na shiga wurinta. Tana zaune a inuwar ɗaki tana goga fure. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da layin da na rubuta.

Ta ce, "Wane Salisu?"

Na ce, "Ɗan Gwaggo Sadiya, na Kano."

Ta ce, "Mai ƙyanda?"

Ban gane ba, sai ta ba ni labari. Ashe zuwan nan naka kana shekara biyar, ƙyanda ce ta kama ka a gidanmu, ni kuma ina jaririya, aka ji tsoron kada in ɗauka. Maƙwabta kowa ya ja 'ya'yansa ya rufe ƙofa. Ita ce ta ce a kawo mata kai. A ɗakinta ka yi jinya, a kan gadonta, ita tana ƙasa. Ta ce kullum in ta matso da kunu sai ka ƙwalla ihu ka rufe ido, sai ta sa gefen zane ta rufe bakinta sannan ka sha.

Ta ce, "To shi wannan mai shan jini na Nasara, yaya yake yi?"

Na ba ta labarin littafin yadda na iya. Da na zo wurin da ba ya shiga gida sai an ce masa ya shigo, sai ta yi dariya har tabarau ya zame.

Ta ce, "Littafinku bai yi ƙarya ba, 'yar nan. Ni na buɗe masa ƙofa da hannuna."

Daga nan ba ta sake dariya ba. Ta ce in ɗauke kwalaben humrar daga bakin zaure kada rana ta ɓata su.

Ƙarshen da kake jira ba zan rubuta ba. Kun ɗauki littafin da na sha wuya a kansa, kun yar da abin da ke cikinsa, kun cusa tsohuwar da ta yi jinyarka. Yadda ake kashe ta kuma ba ku buƙatar in rubuta muku, kun riga kun fara. In fim ɗin nan ya fito da sunanta, zan gaya wa Baba da bakina, ko da zai hana ni shiga laburare har in gama makaranta.

Ramlat.

*

Kano.
11 ga Yuni, 1998.

Ramlat,

Amin wa alaikis salam. Muna lafiya. Wasiƙunki biyu sun zo tare.

Gaskiya da farko haushi na ji. Na ce yarinyar da ban daɗe da daina saya wa alewa ba ita ce take yi mini faɗa. Sai na tambayi Gwaggonki maganar ƙyanda. Ta dube ni ta ce, "Au, ba ka sani ba? Me ya kawo maganar?" Na faɗa mata. Abin da ta ce mini ba zai shiga takarda ba. Ni wallahi haƙoran kawai nake tunawa, ban tuna kunun ba.

Na sami Shehu na ce a canza. Ya ce talla ya fita, 'yan kasuwa suna tambayar Fanne, ba wani suna. Ya ce Potiskum nawa take, tsohuwa nawa take. Muka yi ta yi har aka taru. To kamarar ta shagonmu ce, uwar kaset ɗin kuma a hannuna take. Ranar Lahadi aka kira ni ɗaukar bikin sunan jikan wani Alhaji a Fagge, na sa kaset ɗin na ɗora bikin a kai. Yanzu in ka kunna Fanne Mai Turare, rago za ka gani ana feɗewa. Shehu ba ya gaishe ni, rabin ƙungiya sun bi shi, sun ce sai na biya su wahalarsu.

Tallan ne ba ni da yadda zan yi da shi. Ya shiga gari.

Waɗanda suka rage mun zauna na sake karanta musu taƙaitawarki, wannan karon a hankali. Kin yi gaskiya, wurin sallamar nan ya fi. In Allah ya yarda haka za mu yi: saurayi mai fara'a ya zo baƙunta, ba sunan gari ba sunan kowa. Sun ce ni zan fito a matsayinsa, wai na dace.

Ina so in zo ƙarshen wata in ba Ya Fanne haƙuri, in je gidan su Rahama in yi bayani. Zan zo da kamara in ɗauke ta tana aikin turarenta, mutane su ga gaskiya. Ki tambayar mini ita. Za ta karɓe ni kuwa?

Yayanki,
Salisu.

*

Yerimaram,
19 ga Yuni, 1998.

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an yi ruwan shuka, ƙafar Baba ta yi sauƙi. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce na gode.

Na ji daɗin abin da ka yi da kaset ɗin, Allah ya saka. Amma kada ka ɗauka an gama. Umma ta kama hannun Ya Fanne sun je Bolewa tare. Uwar Rahama ta ba da haƙuri, ta kawo ruwa, amma da aka zo sha sai ta ba Ya Fanne a wani kofi daban. Turaren bikin kuma sun riga sun saya a kasuwa. Gidaje biyu sun aiko a haɗa musu, wasu da suka saba zuwa har yanzu shiru. Yara sun rage, don Baba ya fita da sanda. E, na gaya masa. Ya yi faɗa, amma bai hana ni laburare ba.

Kamara ka bar ta a Kano. Na ambata mata, ta ce fim ɗin da aka yi ba da ita ba ma ga inda ya kai ta.

Maganar zuwanka, ga amsarta yadda ta faɗa. Ta ce ka zo da rana tsaka, ranar da mutane suke gida. Kada ka biyo ta gidanmu, kada Umma ta rako ka. Ka tsaya a ƙofar zaurenta ka yi sallama da ƙarfi, ka faɗi sunanka da abin da ka yi, yadda unguwa za ta ji.

Na ce, "Ya Fanne, in ya yi haka za ki ce ya shigo?"

Ta ɗauki fure ta goga a haƙoranta, ta daɗe tana gogawa. Sannan ta ce tun tana yarinya a Barno ba ta taɓa jin sallama ta ƙi amsawa ba, ba ta ma san ana iya ƙi ba sai da na ba ta labarin littafin nan. Ta ce za ta zauna a ɗaki ta saurari muryarka tukuna.

Ka zo da hula mai inuwa. Ƙofarta ba bishiya, kuma ban san iya tsayuwar da za ka yi ba.

Ƙanwarka,
Ramlat.